Akwatin da Ka Aiko Maimakon Kanka

Zuwa ga maigidana, Baban Tsigi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zaman daji, yaya kuma ciwon bayan nan da ka ce ya lafa amma ban yarda ba? Mu dai lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi, yanzu har tana hawa bene ba tare da ta tsaya a tsakiya tana yi wa wanda ya gina shi addu'ar shiriya ba. Tsigi ta ƙara tsawo, rigar da ka saya mata ta koma iya gwiwa.

Direban motar kamfaninku ya iso da hantsi. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji ƙarar motar a bakin layi sai da na koma ɗaki na canza mayafi, tunda kai ne ka rubuta cewa mu sa ido, za mu ga abin mamaki a zuwan mota na gaba. Na fito na leƙa gidan gaba, na ga direba shi kaɗai. Har bayan motar na zagaya, don na san halinka na son tsokana. Bawan Allah ya lura, ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini kwali ya ce in riƙe da kyau, Injiniya ya ce kada ya bugu. Ashe abin mamakin rauta ce, na'urar nan ta raba intanet.

Na gode. Hotonta da ke jikin kwalin kyakkyawa ne. Na ɗora ta a kan kabad, can sama kusa da jakar tafiyarka, ban ko yanke salatif ɗin ba.

Na san abin da kake nufi da ita. Musun nan namu ne ka aiko mini a kwali, wanda muka fara tun muna makarantar koyon fasaha, ranar da malami ya tambayi aji: in za ka raba wa mutane intanet, kwamfuta za ka ɗauko ka sa mata manhaja ta yi aikin, ko rauta za ka nema wadda aka ƙera don wannan kaɗai? Ka miƙe da tsawonka ka ce rauta. Ka ce akwai ɗan ƙarfe a cikinta da ba ya tunanin komai sai ya karɓi saƙo, ya duba inda za shi, ya tura. Kwamfuta kuwa sai kowane saƙo ya bi layi ya jira ƙwaƙwalwarta, ita kuma tana da wasu ayyukan a gabanta. Ni na ce kwamfuta ina iya buɗe cikinta in ga abin da ke damunta, in koya mata sabon aiki a yini ɗaya, rauta kuwa abin da maƙeranta suka ga dama shi za ta yi. Malamin ya gaji ya fita, aji ya watse, muna nan muna yi har mai shara ya kore mu. Inna har yau tana cewa ita ba ta taɓa ganin neman aure irin namu ba.

To, ka kwantar da hankalinka. Tsohuwa, kwamfutar tamu, tana nan a ɗan ɗakinmu na ƙarƙashin bene, fankarta na juyawa, tana raba wa gidan nan da shagunan layi intanet kamar yadda ka bar ta. Har ma mun yi sababbin baƙi. Gidan da ke bayanmu ya zama masaukin 'yan mata masu koyon aikin jinya, na ja musu waya ta kan katanga. Tela ne ya riƙe mini tsani yana ta salati.

Abin da ke ba ni dariya, in na so dariya, shi ne kai da kake can kana binne wayar da za ta kai wa garuruwa intanet, ba ka da sabis ɗin da za ka kira matarka. Sai biro da takarda kamar kakanninmu.

Ka ci abinci. Ka rage ɗaukar kaya mai nauyi.

Taka har kullum,
Maman Tsigi


Zuwa ga Baban Tsigi,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Wasiƙarka ta zo. Na karanta wa Inna inda ya shafe ta, sauran na riƙe wa kaina. Gaisuwar da ka aiko wa mutanen layi na isar wa waɗanda na samu.

Shafi biyu ka cika da zancen rauta, har da zane. Na duba zanen sosai, ba don darasin ba, don na jima ban ga yadda kake karkata kibiya ba.

Tunda ka nemi gaskiya, ga ta. Da yamma, in 'yan matan nan suka dawo daga asibiti suka buɗe darussansu na bidiyo, Tela ya kunna wa'azinsa, mai kemis ta fara magana da likitan da take tuntuɓa ta waya, Tsohuwa tana jigata. Na zauna a gabanta na gani da idona, ƙwaƙwalwarta tana cika maƙil, fanka tana kuka kamar za ta tashi sama, saƙonni suna taruwa suna jiran layi. Ka faɗi haka tun ba yau ba. In aka ɗauke wuta kuma ba ta bar wa batir komai, in ta mutu sai ta gama miƙa da hamma kafin ta tashi.

Amma kai ma ka amsa mini. Akwatinka zai iya ajiye darussan 'yan matan nan a cikinsa, yadda in ɗaya ta sauke, sauran za su ɗauka a gida ba sai sun sake jawowa daga nesa ba? Na koya wa Tsohuwa wannan, nauyin ya ragu sosai. Zai iya gane cewa likitan mai kemis ne a layi, ya ce kowa ya dakata mata? In wani abu ya ƙone a cikinsa, zan same shi a kasuwar 'yan kwamfuta, ko sai na zauna jiran wata motar? Wannan ita ce amsata, ka yi mata zane in ka iya.

Yanzu maganar da ka ɓoye a layin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe kamar ba ka so in gani. Kamfani yana so ka ƙara shekara, su ba ka shugabancin wurin, da manyan rautocin nan da ka ce tsayinsu ya kai ƙofa. Ka ce me na gani. Kai ka san abin da ya fi. Na san tun muna ɗalibai kake mafarkin taɓa irinsu, ba kuma zan zama mai tare maka hanya ba.

Bari in ba ka labarin 'yarka. Ranar nan masu gyaran wutar lantarki suka zo layinmu. Akwai wani dogo a cikinsu, sanye da hular kwano da rigar nan mai ƙyalli irin wadda ka sa a hoton da ke falo. Kafin in ankara Tsigi ta fizge hannunta ta ruga ta rungume ƙafarsa tana cewa Baba. Mutumin ya rasa yadda zai yi, ya ɗaga ta sama ya sauke, ya ce Allah ya dawo da Babanta lafiya. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Inna ce kawai ba ta yi ba, ta juya ta shige ciki.

Ka gaishe da mai dafa muku abinci, ka ce na ce ya ji tsoron Allah ya rage gishiri.

Matarka,
Maman Tsigi


Baban Tsigi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, kada ganin rubutuna a karkace ya tayar maka da hankali. Direba ya ce ba zai jima ba, ni kuma abin da zan faɗa da yawa.

Na buɗe kwalinka.

'Yan matan masaukin nan suna da babbar jarrabawa wadda ake yi ta intanet, kowa a kan kwamfutarta, an sa lokacin shiga da safe, in ya wuce a rufe. Sun sanar da ni tun da wuri, na share Tsohuwa, na hure mata ƙura, na duba komai. A ranar aka ɗauke wuta tun asuba. Batir ya riƙe har gari ya waye sosai, sannan ya fara kukansa. Na roƙi Tela ya tayar da janareta. Wutar ta shigo da ƙarfi, na ji wani ɗan ƙas, sai ƙauri. Fanka ta tsaya. Akwatin wutar da ke cikin Tsohuwa ne ya ƙone. Na san cutar, na san maganin, na san har shagon da zan samu, amma masu shagon ba su buɗewa sai rana ta ɗaga, kuma kafin in je in dawo an rufe jarrabawa.

Ina tsugune da sukurdireba a hannu sai ga su sun cika bakin ƙofa. Akwai wata mai tabarau a cikinsu, wadda ta bar jaririnta wurin mahaifiyarta ta zo karatun nan. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Anti, za mu samu kuwa?"

Inna ce ta ratso su da sandarta ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, kwalin nan da kika ɗora a kan kabad kina gaba da shi, kayan ado ne?" Ita ta riƙe mini kujera na hau, da gwiwar tata da komai.

Da na yanke salatif ɗin na ciro ta, sai na ga ashe ka riga ka gama komai. Ka tsara ta tun daga can. Kowace ƙofar waya ka manna mata 'yar takarda da rubutun hannunka: Tela, Mai kemis, Bene na sama, Bene na tsakiya, Gidanmu. Na soka wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na ba ta wuta, kafin in gama goge hannuna a zane fitilunta sun jeru kore. Ko ƙara ba ta yi ba. A raina na ce to, Dogo, ka ci wannan.

Sai na ɗauko wayar masaukin, na ga ba ta da ƙofa. Lokacin da ka tsara ta ba ka san da su ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ka rubuta mata Baba mai aski, ka ware mata kaso mai tsoka na intanet, a ƙasa ka ƙara da ƙananan baƙaƙe: saboda kiran ɗansa.

Baban Tsigi, Baba mai aski ya rasu. Ba a jima da tafiyarka ba, lokacin zafin nan. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, Allah ya ɗauki abinsa. Ɗansa ya zo ya kwashe kujerun da madubin, shagon yana rufe har yau. Na sha ɗaukar biro in gaya maka, sai in tuna kana can kai kaɗai, ba hanyar zuwa gaisuwa, ba wanda ya san shi da za ku zauna ku tuna shi tare. Shi ne mutum na farko da ya yarda muka ja masa waya, lokacin da kowa ke cewa yaran nan wasa suke. Yana kwance ma sai da ya tambaye ni ko ka samu mai yi maka aski a can. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na tsaya da wayar a hannu ina kallon sunansa, 'yan mata suna bayana suna jira. Na soka tasu a ƙofarsa, na ƙara buɗe mata kason, na ce su ruga. Rautar ta ɗauke su duka ba ta ko girgiza ba, nauyin da Tsohuwa ke nishi a ƙarƙashinsa. Yawancinsu sun shiga a kan lokaci. Kaɗan aka rufe wa ƙofa, har da mai tabarau. Na sa mayafi na bi su wurin shugabar makarantarsu, na yi mata bayanin abin da ya faru tun daga ɗauke wuta. Mace ce mai tsauri, ta bar mu a tsaye ta gama abin da take yi, amma daga ƙarshe ta yi waya, aka ba su dama suka rubuta da la'asar.

Da na dawo na shiga ɗan ɗakin na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Akwatinka yana aiki ba aibu, sai dai layin da ya sani shi ne na ranar da ka tafi. Ban cire takardar Baba ba.

Direba yana ta danna hon. Ka yi wa Baba addu'a.

Taka,
Maman Tsigi


Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya kuma haƙurin rashin da muka yi? Na ga inda biro ya tsaya maka a wasiƙarka har tawada ta taru. Na gode da ba ka yi fushi ba. Na kuma gode da ba ka ce ai ka faɗa ba, ko da yake na san sai da ka ciji leɓe.

Tsohuwa ta tashi. Na samo mata akwatin wuta a kasuwa, na ɗaura, ta kama aiki kamar ba ita ba. Amma ban mayar da ita kujerarta ba. Rautarka ce a gaba yanzu, ita ke karɓar saƙonni tana turawa. Batir ma ya huta, yana kai mu yini guda ba kuka. Sai dai kada ka yi saurin murna. Na nemi ta ajiye wa 'yan matan darussansu, ta nuna ba ta san zancen ba. Na nemi ta riƙa fifita likitan mai kemis yadda nake so, ta ce sai an nemo izini daga kamfanin da ya ƙera ta. Don haka na zaunar da Tsohuwa a bayanta, tana ajiye darussa, tana lura da wanda ke cinye rabon wani, tana sanar da ni in wata waya ta tsinke. Tunda aka sauke mata babban kayan, ko zafi ba ta yi, fankarta da ƙyar ake jin ta. Da malaminmu yana nan da na je na gaya masa tambayarsa ce ba daidai ba.

Wani abu ne ban zata ba. Ka san bangon ɗakinmu ɗaya ne da ɗan ɗakin. Ashe duk watannin nan ƙugin fankar nan ne ke taya ni zama. In na idar da sallah, in ina ninke kaya, ina jin ta ta bango, sai in ji kamar kana ciki kana ƙwanƙwasa wani abu, yanzu za ka leƙo ka ce in miƙo maka filaya. Yanzu gidan ya yi tsit. Na rasa inda zan sa kunnena.

Ka sake tambayata maganar ƙarin shekarar, ka ce amsar da na ba ka ta 'yan ofis ce, kana son ta matarka. To ga ta. Kada ka karɓa. Ka dawo gida.

Na san abin da nake roƙonka ka bari. Na san irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, kuma wataƙila wata rana ka zauna a ɗan ɗakin nan da bai kai tsawonka ba, ka tuna manyan na'urorin can, ranka ya sosu. Na auna duk wannan. Aikin nan ina iya shi ni kaɗai, ka gani da kanka, ba don shi nake kiranka ba. Inna tana tsufa, ba ta faɗa, amma kullum sai ta sa an share gefenka na tabarmar falo. Tsigi ta daina tambayar yaushe za ka zo, wannan ya fi tambayar ciwo. Ni kuma na gaji da zama jaruma. Ina kewarka, Dogo. Ina so in yi musu da kai baki da baki, in ga yadda kake ɗaga gira in ka rasa amsa.

In ka ga dole sai ka zauna, ba zan ƙi ka ba, zan ci gaba da rubutu. Amma ka tambaya, na faɗa.

Matarka mai jiranka,
Maman Tsigi


Baban Tsigi,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Na san za ka yi dariya ka ce ga sabis ya iso dajinku, me kuma ya kawo takarda. Direba ma sai da ya tambaya. Akwai abin da bakina ya kasa jiya, shi ya sa.

Ina tsaka da wanki wayata ta yi ƙara, na ga sunanka, na ɗauka hannuna ne ya danna wani abu. Sai ga fuskarka. Ka ce a ranar kuka haɗa wayar ƙarshe, kuma kiran farko da ya bi ta cikinta shi ne wannan. Na tsaya da kumfa a hannu ina kallonka. Duk maganganun da na tara suka gudu. Da na buɗe baki, me na ce? Wai hoton yana fita tas, ko tsinkewa ba ya yi. Kai kuma ka ce ai dole, ta cikin rautarka yake bi. Na ce Tsohuwa ce ta hana Tela cinye layin. Muka kama, kamar ba mu ne muka yi watanni ba mu ji muryar juna ba.

Allah ya saka wa Inna. Da ba ta fizge wayar ba da har yanzu muna kai. Ka ji ta da kunnenka: "Ku ajiye mini zancen ƙarafan nan. Kai, za ka dawo ko ba za ka dawo ba?" Da ka ce ka riga ka ba su amsa, wanda zai gaje ka kawai kake jira ka damƙa masa aiki, ƙarshen wata kana hanya, ba ka ga abin da ya faru ba, don wayar ta kife a cinyarta. Ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni kuma na koma bakin baho na ci gaba da cuɗa rigar da na riga na wanke.

Abin da na kasa faɗa shi ne na gode. Na san abin da ka ajiye saboda mu, ba kuma zan manta ba.

Ka rame, wuyanka ya fito. Za mu yi maganar wannan in ka zo.

Tsigi kuwa, ka ga yadda ta ɓuya a bayana ta ƙi fitowa, sai ido ɗaya. Kada abin ya dame ka. Bayan ka kashe ta ɗauki wayar ta juya bayanta tana neman inda ka shiga. Yau da safe ta je ta tsaya a gaban hoton falo ta daɗe, sannan ta zo ta ce mini wannan ba Babanta ba ne, Babanta mai gemu ne, yana cikin waya, kuma ya ce zai zo. Ta gaya wa Tela, ta gaya wa mai kemis, ta leƙa ta katanga ta gaya wa 'yan matan masaukin.

Don haka ga roƙona na ƙarshe kafin ka taso. Gemun nan da ka tara a daji bai yi maka kyau ba ko kaɗan, Inna ma ta faɗa. Amma kada ka kuskura ka taɓa shi. Da shi 'yarka ta san ka, da shi za ta neme ka a tasha.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
Maman Tsigi